Ya hana ni ganin 'ya'yana, yanzu su ma guduna suke yi: in kai kotu ko in haƙura?

Admin: Assalamu alaikum. Wata 'yar'uwa ce ta turo wannan, ta ce a ɓoye sunanta. A ba ta shawara tsakani da Allah, ban da zagi.

"Salam Admin. Aurena ya mutu bara waccan, muna da yara uku. Ina gama idda ya aiko ƙaninsa ya ɗauki manyan biyu, mace mai shekara 11 da namiji mai 8, wai makarantarsu ta fi kusa da gidansa. Babana ya ce in bari, ɗa na ubansa ne, kada a ce gidanmu an yi rigima a kan yara. Na bari. Ƙaramar tana hannuna. Da farko ana kawo min su ran Juma'a da yamma, su koma Lahadi. Daga baya aka ce Islamiyya, aka ce hadda, aka ce babu mai kawo su. In na kira wayar gidan sai a ce sun yi barci. Da ƙaramar salla na ɗinka musu kaya na aika, aka dawo min da su a ledar da na sa su, ko ƙullin ba a kwance ba. Satin da ya wuce na kasa daurewa na je makarantarsu lokacin tashi. Babbar tana hango ni ta ja hannun ƙaninta suka ɓuya bayan maigadi. Da na matsa sai ta ce, 'Ai ke kika gudu kika bar mu, kika kai Abba Hisba.' Wallahi shi ya sake ni, takardar tana nan. Ban yi aure ba. In kai kotu ne, ko in haƙura har su girma su neme ni?"

Maman Sultan: Innalillahi. Wallahi ledar nan ta tsaya min a rai. 'Yar'uwa ki yi haƙuri ki dage da addu'a. Ɗa ba ya ɓace wa uwarsa, komai daren daɗewa da ƙafarsu za su zo. Kotu tonon asiri ne kawai.

Baban Walid: Maman Sultan, wannan maganar taki ita aka yi wa mahaifiyata. Ina aji biyu na firamare aka kai ni gidan babana. Abin da na tashi ina ji a bakin gwaggona shi ne uwata ta zaɓi wani namiji ta bar ni. In na fasa kwano, "halin uwarka". In na yi fitsarin kwance, "halin uwarka". Na neme ta kuwa kamar yadda kuke cewa, amma sai da na yi gemu. Na je na durƙusa na gaishe ta, ta kawo min ruwa a kofin baƙi, muka zauna kowa yana kallon tabarma. Ƙannena da ta haifa a can suna hawa jikinta, ni ina jin nauyin in ce a ƙara min miya. Har Allah ya karɓi ranta ban iya ce mata Umma ba, Hajiya nake ce mata. To an nema ɗin, me aka samu?

Maman Sultan: Allah ya jiƙanta da rahama.

Abu Sadik: Jama'a ɓangare ɗaya muka ji fa. Ruwa ba ya tsami banza. Yarinya mai shekara 11 ba jaririya ba ce, ta san abin da idonta ya gani a gidan kafin a rabu. Ita maganar Hisba, gaskiya ce ko ƙarya?

Ummu Ramla: Ko da gaskiya ce, wa ya kai wa yarinya labarin? Ita aka aika wa takardar gayyata?

Malam Na Zaure: Bismillah. Kafin a yi nisa, akwai maganar da ya kamata a gyara, ta mahaifin baiwar Allah nan, Allah ya ƙara masa girma. "Ɗa na ubansa ne" gaskiya ce ta fuskar nasaba da walicci da ciyarwa. Amma reno, wato hadana, wani babi ne daban, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke hukunci da ita uwa ce a gaba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta wurin: bayan saki reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure mijin ya tare da ita. In uwa ta rasu ko ta auri wani, renon ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Uba yana can ƙasa a jerin. Abin da muke yi na aiko ƙani ya ɗauke yaro da zarar an yaye shi, al'ada ce muka ɗora wa addini.

Abu Dawud ya ruwaito cewa wata mata ta zo wa Annabi (SAW) ta ce ɗan nan cikina ne ya ɗauke shi, nonona ya sha, cinyata ce makwancinsa, ubansa ya sake ni yana so ya ƙwace shi. Ya ce mata ke kika fi cancanta da shi matuƙar ba ki yi aure ba. Kuma a Muwaɗɗa akwai labarin Sayyidina Umar da ɗansa Asim. Ya rabu da uwar yaron, wata rana ya je Kuba ya tarar da shi yana wasa a harabar masallaci, ya ɗauke shi ya ɗora a kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka tafi gaban Sayyidina Abubakar. Ya ce wa Umar ya bar mata yaron, Umar bai ƙara cewa uffan ba. Umar fa.

Hujjar makaranta kuwa malamai sun riga sun amsa ta. Uba yana da haƙƙin duba ɗansa, ya ladabtar da shi, ya kai shi makaranta, amma kwana wajen mai reno ne.

Abu Sadik: Allah gafarta Malam, to ni in ciyar, in tufatar, in biya kuɗin makaranta, sannan yara suna gidan surukan da suka tsane ni ana hure musu kunne?

Malam Na Zaure: Ciyarwa ba kuɗin sayen yaro ba ce, Malam Abu Sadik, wajibi ce a kanka ko yana ina. Amma tsoron da ka faɗa ba na banza ba ne, kuma aya ɗaya ta rufe ƙofofin biyu. Baƙara aya ta 233 ta ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa.

Direban Dare: Na gode Malam da ka faɗi rabin ayar na biyu, don a zauren nan kullum namiji ne mugu. Ni nawa biyu suna wajen uwarsu, ban taɓa neman ƙwace su ba. Duk wata ina aika buhun shinkafa ƙarami da kuɗin cefane. In na je gidan sai a bar ni a soro, a turo yaro ya ce wai sun tafi unguwa, alhali ina jiyo muryar ƙaramin a tsakar gida. Rannan na haɗu da babban a bakin titi an aike shi sayen gawayi, na ce zo mana, ya tsaya nesa ya ce, "Mama ta ce kai ba ka ba mu komai, kawu ne yake ciyar da mu." Shinkafar da ya ci da rana ni na saya. Wa zan kai ƙara? In na yi magana a ce namiji da kuka.

Ummu Ramla: Wannan ma zalunci ne, babu wanda zai ce ba haka ba. Allah ya isar maka ta hanyar da ba za ta taɓa yaran ba.

Amaryar Gida: Bari in yi magana a madadin matan uba, tunda na san yanzu a zuciyar kowa mu ne muka zuga. Ina riƙe da 'ya'yan mijina uku. Ni nake tsefe kai, ni nake kwana asibiti. Duk ran da suka dawo daga wajen uwarsu sai na yi sati ina gyara. An tambaye su me aka dafa, sau nawa Abbanku ya shiga ɗakinta, ya saya mata atamfa? An ce kada su ci abin da na zuba musu sai sun ga 'ya'yana sun ci. Yarinya ƙarama ta zauna da kwano a gaba tana jin yunwa tana tsoron guba. Shi ya sa wasu mazan suke rufe ƙofar gaba ɗaya. Ban ce daidai ba ne, amma ku san yadda ake kaiwa can.

Maman Iman: Anti Amarya na ji ki, amma me ya kawo yara uku hannunki tun farko, uwarsu tana raye?

Amaryar Gida: Ta yi aure, mijin ya ce ba ya son agola.

Maman Iman: Kakarsu fa? Malam ya ce ita ce ta biyu a layi.

Amaryar Gida: Wannan kuma ba ni aka tambaya ba.

Barista: Bari in amsa tambayar da aka yi, don na ga ana neman a manta da ita. Hajiya, ki je kotu, kuma kada ki ɓata lokaci. Ba sai da lauya ba. Kotun shari'a ta yankinku za ki je, ki ga rajistara, ki ce kina neman hadana da ciyarwa, a ba shi sammaci. Ki tafi da takardar sakin, da takardun haihuwar yaran in suna hannunki, da wanda ya san yadda aka ɗauke su. In hukunci bai yi miki ba akwai ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya ba hurumin irin waɗannan shari'o'i na iyali. In babu hali, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, suna taimakawa kyauta.

Dalilin da na ce kada ki jinkirta: abin da zai fara faɗa a gaban alƙali shi ne ke kika miƙa su da kanki. A Malikiyya, wadda ta sarayar da renonta da son ranta ba tare da uzuri ba, ba ya dawo mata don ta canja shawara. Alƙali zai duba ko sarayarwa kika yi ko fin ƙarfi aka yi miki, kuma duk watan da ya wuce kina shiru ƙara masa hujja yake yi. Ko da an ce naki ya faɗi, mahaifiyarki tana da nata. Kuma ko a hannun wa suka zauna, ki roƙi kotu ta rubuta ranakun ziyara da sunansu, da wanda zai kai da wanda zai dawo da su, da yadda za a raba hutu da salla. "Duk lokacin da take so ta zo ta gan su" ba hukunci ba ne, shi ne yake komawa "sun yi barci".

Direban Dare, kai ma wannan ƙofar a buɗe take gare ka. Ka daina aika kuɗi ta hannun yaro ko ɗan acaɓa, ka tura ta banki ka ajiye shaida.

Abu Sadik: Barista, ba sai a kira yaran a tambaye su wajen wa suke so ba? Ai magana ta ƙare.

Barista: Yaran da suka ɓuya bayan maigadi? Ka san amsar da za su bayar tun kafin a tambaya.

Malam Na Zaure: Bai wa yaro zaɓi yana da asali, akwai hadisin Abu Huraira a kai, kuma Shafi'iyya da shi suke aiki idan yaro ya yi wayo. Malikiyya ba su tafi a kan haka ba. Ibnul Ƙayyim ma ya kawo labari daga malaminsa Ibn Taimiyya: wani alƙali ya ba yaro zaɓi, ya zaɓi ubansa. Uwar ta ce a tambaye shi dalili. Yaron ya ce uwata kullum tura ni makaranta take yi malam yana dukana, babana kuwa barina yake yi in yi wasa da yara. Alƙali ya mayar wa uwar da shi. Wato ana jin ta bakin yaro, amma maslaharsa ake bi, ba son ransa na yau ba.

Barista: Dokar zamani ma nan ta tsaya. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, sashenta na farko ya ce maslahar yaro ce gaba da komai a duk abin da ya shafe shi, kuma Kano ta yi tata dokar kare yara a 2023. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ce yaron da aka raba da ɗaya daga cikin iyayensa yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da su duka biyun, sai in hakan zai cutar da shi. Haƙƙin yaron ne, shi ya sa uba ko uwa ba su da ikon yafe shi a madadinsa.

Baƙuwa daga Ingila: Ina aiki da iyalai a nan, kuma wannan rigimar ta daɗe a kotunan Turawa, har ta zama abin da ake taka-tsantsan da shi. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Richard Gardner, shi ya fito a 1985 ya ce cusa wa yaro ƙin uwa ko uba wata cuta ce mai alamomi da likita zai iya ganewa. Lauyoyi suka yi caa suka rungumi maganar a matsayin hujja. Sai ya zama mace ta ce mijin yana dukanta ko yana taɓa yarinya, shi kuma ya ce ƙarya ne, zuga yaran ta yi, a wasu shari'o'in har a ƙwace yaran a ba shi. Manyan ƙungiyoyin likitoci ba su karɓe ta a matsayin cuta ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sunan da ake kiranta da shi daga kundinta na cututtuka a 2020, Sifaniya ta yi doka a 2021 da ta hana hukumomi dogara da wannan da'awar, kuma a 2023 Reem Alsalem, mai bincike ta musamman ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan cin zarafin mata, ta kai rahoto mai zafi a kai. Birazil kuwa tun 2010 ta yi doka ta musamman da ke hukunta mai zuga yaro, har yau ana ta ce-ce-ku-ce a kanta.

Ba ina cewa zuga ba ta faruwa ba, ga Baban Walid nan, ga Direban Dare. Abin da nake so a riƙe shi ne ba duk yaron da ya ƙi zuwa wajen uba ko uwa aka zuga ba. Wani tsoro yake ji, kuma yana da dalili. Abin da muke lura da shi: yaron da aka cutar yakan ba ka labari da bakinsa na yara, ya ce ran nan ya dake ni da wayar caja a bayan ƙofa. Wanda aka cusa wa kuwa maganar manya yake maimaitawa, irin "kin kai Abba Hisba", kuma sai ka ga ya haɗa da kaka da kawu da duk dangin wancan ɓangaren ya ƙi, har waɗanda jiya yake kwana a jikinsu. Wannan ma alama ce kawai, sai an bincika.

Abu Sadik: To ai abin da na faɗa ke nan tun farko, a ji ɗaya ɓangaren.

Ummu Ramla: Ba shi ka faɗa ba Malam, cewa ka yi ruwa ba ya tsami banza.

Admin: Mai tambaya ta ƙara turo wannan:

"Na gode. Maganar Hisba gaskiya ce, na je, amma a kan abincin ƙaramar ne da ya daina aikowa, kuma sulhu aka yi mana ba a tsare shi ba. Ban taɓa dukansu dukan da ya wuce na uwa ba. Wani abu kuma, na ji ana cewa wurin aikinsa za su mayar da shi Abuja bayan babbar salla."

Malamar Firamare: 'Yar'uwa don Allah kada ki sake zuwa makaranta ba zato. Na san zafin da ya kai ki, amma mu muke ganin abin da ke biyo baya. Yarinyar za ta koma aji ƙawaye suna tambaya wace ce waccan, ta koma gida a titsiye ta me kika ce mata, me ta ce miki. Gudun da ta yi ba lallai ƙi ba ne, ta san in ƙaninta ya faɗa a gida cewa ta rungume ki, ita za ta kwana a ciki. Yaran nan a aji ana gane su: ba sa son a ce a zana iyali, ranar taron iyaye sai ciwon ciki ya tashi. Kuma in kin samu ganinsu, kada ki ɗauko takardar saki ki nuna mata don ki wanke kanki. Ki ce mata kawai ban gudu ba, ina nan, kuma babu laifi ki so Abbanki. Wannan ta ƙarshen ita ce mai wuyar faɗa.

Baban Walid: Malama, da wani ya gaya min haka ina yaro, ta kowane ɓangare, da na huta.

Ɗan Maradi: Mu nan Nijar har yau ba mu da dokar iyali guda ɗaya, an sha yunƙurin yi ana watsewa, don haka al'ada ake bi. Abin da kowa ya sani a bakin mutane shi ne yaro ya kai shekara 7 uba ya ɗauka. Kuma Malikiyyar nan dai muke karantawa, Risalar nan ce a zaurukanmu. Yanzu da Malam ya yi bayani nake tambayar kaina daga ina bakwai ɗin ta fito.

Malam Na Zaure: Hanafiyya suna da bakwai ga namiji, amma ban ce daga can kuka ɗauko ba. Maganar Abuja ce ta fi damuna. A Malikiyya, idan uba zai ƙaura ya zauna dindindin a wani gari mai nisan baridi shida, wato sama da kilomita 120, yana da damar tafiya da ɗansa, sai dai in mai renon za ta bi su can. In daga Kano ne, zuwa Abuja ta ninka haka. Amma da sharuɗɗa: ƙaura ce ta zama ba tafiyar fatauci ko ziyara ba, garin da za a je akwai aminci, hanyar ma akwai aminci. Ko canjin wurin aiki da za a iya sake dawo da mutum baɗi ya cika sunan ƙaura, wannan alƙali ne zai duba.

Barista: Shi ya sa nake cewa ki je wannan satin, ba bayan salla ba. In ƙara tana gaban kotu za ki iya roƙon a hana fita da su daga gari har a yanke hukunci. In sun riga sun tafi, kai masa sammacin kansa aiki ne.

Maman Sultan: Ni dai har yanzu da za a samu dattijo a danginsa ya shiga tsakani, ko limamin unguwarsu, da ya fi min kotun nan.

Barista: A gwada Hajiya, ba na hanawa, sulhu alheri ne. Amma in an yi, a rubuta, a sa hannu, a kai kotu ta tabbatar da shi. Kuma a shigar da ƙarar tukuna, dattijon ya zo daga baya.

Direban Dare: Malam, sharaɗin amincin hanyar nan, da hanyar Kaduna zuwa Abuja a ciki? Don ni nake bin ta da dare, in alƙali yana neman shaida a kira ni.